Zagayen Annapurna: mota ta iso, amma jini ba ya gaggawa

Tun kafin asuba ake barin Thorong Phedi. Wurin bai kai a kira shi gari ba, 'yan masaukai ne na dutse a gindin hawa, a tsayin mita 4,500 ko kusa da haka. Kowa da fitila ɗaure a goshi, ana tafe a jere, a yi 'yan taku a tsaya a mai da numfashi. Sammakon dole ne, domin da hantsi ya ɗaga iska take tasowa a mashigin Thorong La mai tsayin mita 5,416, kuma bayan an tsallaka akwai gangarar mita 1,600 kafin a kai Muktinath, inda za a kwana. Wannan yini shi ne ya yi suna, shi ake ɗauka a hoto. Amma yini ɗaya ne tak cikin tafiyar mako biyu zuwa uku, kuma sauran kwanakin sun fi shi abin faɗa.

Zagayen yana tsakiyar ƙasar Nepal, arewa da birnin Pokhara. Ba hawan igiya da ƙugiya ba ne, kewaya tsaunukan Annapurna ake yi da ƙafa: a haura ta kwarin kogin Marsyangdi a gabas, a zaga ta bayansu, a gangaro ta kwarin Kali Gandaki a yamma. Nisan yana tsakanin kilomita 160 da 230, gwargwadon inda mutum ya sauka daga mota da inda ya sake hawa. Babban cikin tsaunukan, Annapurna na ɗaya, tsayinsa mita 8,091, kuma shi ne farkon tsauni mai fiye da mita 8,000 da ɗan Adam ya taka ƙololuwarsa. Faransawa biyu ne, Maurice Herzog da Louis Lachenal, ranar 3 ga Yunin 1950. Sun sauko da rai, amma sanyi ya cinye musu yatsun ƙafa, Herzog har da na hannu. Yankin Manang kuwa, wanda ke bayan tsaunukan daf da iyakar Tibet, sai a 1977 aka buɗe shi ga baƙi, daga nan ne zagayen ya samu.

A Besisahar, mafarin tafiya, zafi ake yi. Tsayin wurin bai wuce mita 800 ba. Ga ayaba, ga masara da tamba, ga gonakin shinkafa da aka yanka hawa-hawa a jikin tudu, ɓaunar gida tana kwance cikin taɓo. Ƙauyuka da dama na ƙabilar Gurung ne, waɗanda suka daɗe suna ba rundunar Gurkha ta Birtaniya da ta Indiya sojoji, har kuɗin fansho ya gina gidaje da yawa a wuraren. Daga nan kwarin yana ta tsukewa, kogi na ruri a ƙasa, ana tsallaka shi ta gadojin waya masu lilo. Idan ayarin alfadarai ya taho, ƙa'ida ita ce ka raɓe ta wajen dutse, kada ta wajen rami, don dabbar da ke ɗauke da buhu biyu ba ta san faɗin kayanta ba. Kafin a kai Chame, hedkwatar gundumar Manang, an riga an zarce tsayin Chappal Waddi, wuri mafi tsayi a Najeriya mai mita 2,419, alhali ko rabin hawan ba a yi ba.

Bayan Pisang sai ƙasa ta sauya kama gaba ɗaya. Daji ya ja baya, tuddai suka koma busassu, ruwan ƙasa-ƙasa, sararin sama tangararan. Dalilin a fili yake. Iskar damina mai ɗauke da danshi daga Tekun Bengal take tasowa, idan ta bugi bangon tsaunukan sai ta juye ruwanta a gefen kudu, ta ƙetare a bushe. Pokhara tana samun ruwan sama fiye da milimita 3,000 a shekara, Jomsom da ke bayan tsauni ba ta samun ko 400, alhali tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kilomita 100 ba. Ana ganin wannan a rufin gidaje tun kafin a tambaya. A ƙasa rufi mai gangara ne don ruwa ya zube, a sama kuwa shimfiɗaɗɗe ne na ƙasa, an jera itacen girki a gefensa, ana shanya amfanin gona a tsakiya. Shinkafa ta ba sha'ir da dankalin turawa wuri, saniyar tsauni mai dogon gashi da ake kira yak ta maye gurbin ɓauna. Addini ma ya juya daga Hindu zuwa Budda irin na Tibet. A bakin kowane ƙauye akwai katangar duwatsu masu rubutun addu'o'insu, kuma al'adar wurin ita ce a bi ta hagunta, a bar ta a hannun dama.

Baƙo yakan isa Manang, a tsayin mita 3,540, da tunanin ya zo wurin mutanen da duniya ta manta da su. Ya yi kuskure. Ƙasar da ba ta ba da girbi sai sau ɗaya a shekara ba ta iya riƙe mutanenta, saboda haka sarakunan Nepal suka ba mutanen Manang sassaucin haraji da izinin fatauci tun ƙarnonin baya. Sun kai saiwoyin magani da miski Indiya da Bama, daga baya suka zama 'yan tireda tsakanin Katmandu da Bankok da Hong Kong da Singafo. Dattijon da ke zaune yana shan hantsi a jikin bango, mai yiwuwa ya fi baƙon da ke ɗaukar hotonsa yawan biza a fasfo.

A Manang ne ake yada zango na kwana biyu, kuma ba don gajiya ba. Oksijin da ke cikin iskar can sama kashi 21 cikin ɗari ne, daidai da na bakin teku. Abin da ya ragu shi ne nauyin iskar kanta, wanda a Thorong La ya koma kusan rabi, don haka kowane numfashi rabin abin da aka saba yake kai wa huhu. Jiki yana da dabararsa. Numfashi yakan ƙara sauri, ƙoda ta shiga aikin daidaita jini, shi ya sa fitsari ke yawaita, daga baya jajayen ƙwayoyin jini su ƙaru. Sai dai duk wannan kwanaki yake ci. Likitocin tsauni sun ce idan an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma a huta yini guda bayan kowane kwana uku ko huɗu. Wanda ya ƙi ji, ciwon kai ne zai fara yi masa sallama, sai tashin zuciya da rashin barci. Idan ya ci gaba da hawa, ruwa na iya taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, a ga mutum yana tangaɗi yana sambatu. A nan magani ɗaya ne, a sauko da shi, ko da tsakar dare ne. Ƙarfin jiki ba ya kare kowa, sau da yawa ma majiya ƙarfin ne ke faɗuwa, don su ke iya yin sauri. Ƙungiyar Himalayan Rescue Association tana da ɗan asibiti a Manang, inda likitocin sa-kai ke yi wa matafiya wannan bayani a lokacin da baƙi ke yawa. Waɗanda ba a cika tunawa da su ba su ne 'yan dako. Da yawansu daga ƙauyukan ƙasa suka fito, jininsu bai fi na baƙon sabawa da tsauni ba, ga kaya a baya, ga tufafi marasa kauri.

Shi ya sa ake fara zagayen ta gabas, inda hawan yake zuwa sannu a hankali. Ana kuma zaɓen watan Oktoba da Nuwamba, ko Maris da Afrilu, lokacin da sama ta fi kwanciya. Amma ranar 14 ga Oktoban 2014, a tsakiyar lokacin da ake ganin ya fi kowane aminci, ragowar guguwar Hudhud da ta afka wa gabashin Indiya kwana biyu kafin nan ta iso tsaunukan da dusar ƙanƙara mai yawa. Hanya ta ɓace wa waɗanda ke kan mashigin. Mutum 43 aƙalla suka mutu a yankin, baƙi da 'yan ƙasa. An san da zuwan guguwar, labarin ne bai kai ga masu fita da asuba ba.

Muktinath, inda gangarar ta tsaya, wurin ziyara ne ga mabiya Hindu da Budda, da bakunan ruwa 108 da masu ziyara ke wanka a ƙarƙashinsu, da wata 'yar wuta da iskar gas mai fitowa daga ƙasa take ciyarwa. Ƙasa da shi kogin Kali Gandaki ne, wanda ya girmi tsaunukan da ya ratsa. Yana gudu tun kafin su tashi, suna ɗagawa yana yankawa, har ya zama yau yana bi tsakanin Annapurna da Dhaulagiri mai mita 8,167, fiye da mita 5,000 a ƙarƙashin kawunansu. A cikin tsakuwarsa ana tsintar baƙaƙen duwatsu masu zanen dodon koɗi, burbushin halittun tekun da ya taɓa kwanciya a wurin kafin ƙasar Indiya ta yi karo da Asiya.

Wannan kwari tsohuwar hanyar gishiri ce. Daga tafkunan Tibet ake lodo shi a bayan yak da tumaki da awaki, daga kudu kuma hatsi ya hauro, a haɗu a Tukuche, inda ƙabilar Thakali suka zama dillalai kuma fatomai. Wanda ya san ayarin raƙuman da ke kai gero Bilma su komo da kantun gishiri ya san wannan ciniki, ƙanƙara ce kawai a madadin rairayi. Kasuwar ta karye bayan 1959, da Sin ta tsaurara iyakar Tibet, gishirin Indiya mai araha kuma ya cika kasuwa. Sauyin ya zo da alherinsa, domin gishirin da aka sa wa aidin ya rage cutar maƙoƙo da ta addabi mutanen tsauni. Su kuwa Thakali ba su rasa sana'a ba. Matan da suka saba saukar fatake su suka koma saukar 'yan yawon buɗe ido, kuma har yau tsarin bai canza sosai ba: ɗaki kusan kyauta, riba a tukunya take, saboda haka inda ka kwana nan za ka ci. Abincin shi ne dal bhat, shinkafa da romon wani ƙaramin wake da ganye, ana yin ƙari ba a ƙara kuɗi. Tun 1986 kuma akwai shirin kare muhallin Annapurna, mai faɗin murabba'in kilomita 7,629, wanda bai tashi mazauna daga ƙasarsu ba, kuɗin shigar da baƙi ke biya ne ake juyawa ga ayyukan yankin.

Yanzu mota tana zuwa Muktinath ta yamma, tana zuwa Manang ta gabas. Tsofaffin matafiya na Turai suna ta kukan an kashe zagayen, ƙura da hon sun maye gurbin ƙararrawar alfadari. Kukan yana da ƙamshin gaskiya, amma ban ga hujjar da za a ce wa manomin tuffa na ƙauyen Marpha ya ci gaba da ɗora amfaninsa a bayan dabba, ko mai naƙuda a ɗauke ta kwana da kwanaki a kan kafaɗa, don kawai baƙo ya samu hoto mai kyau ba. Hanyar tun asali ta masu ita ce. Ga mai son ƙafa, an fitar da wasu turbobi da ke kauce wa titi, an shafa musu alamar fenti ja da fari, kamar wadda ke bi ta Ghyaru da Ngawal tana kallon tsaunukan ido da ido.

Asarar da titin ya jawo ta faɗa wa wasu ne daban. Masu masaukai a ƙauyukan ƙasa suna kallon motoci na wuce su da baƙin da a da nan suke kwana. Baƙin kuma, da suka tsallake kwanakin farko don hutunsu gajere ne, sun tsallake ainihin kwanakin da jini ke sabawa. A watan Afrilun 2023 hukumar yawon buɗe ido ta Nepal ta wajabta wa baƙi ɗaukar ɗan jagora, amma babu dokar da ta hana mutum ya hau mota a Besisahar da safe ya kwana a Manang. Hawan mita 2,700 ke nan a yini guda, fiye da ninki biyar na abin da likitoci suka yarda da shi.