Mai Juna Biyu, Ta Ina Sauro Ke Shigo Miki Ɗaki?

Uwargida, da damina ta kankama sauro kan cika gidajenmu na karkara, kuma ke mai ciki ya fi nema. Wani bincike da aka yi a ƙasar Gambiya, aka wallafa a shekarar 2000, ya nuna cewa sauron da ke zuwa wa mai juna biyu ya ninka na wadda ba ta da ciki. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro kan ɓuya a mabiyiya, ta jawo ƙarancin jini, ɓari, ko haihuwar jariri maras nauyi, musamman a cikin fari.

Sauron da ke kawo wannan cuta, wato Anofilis, macen ce ke cizo, kuma da dare. A ruwan da ya kwanta take yin ƙwai, kamar kududdufin da aka haƙi ƙasar gini, da 'yan ramukan tsakar gida. Cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwan ya zama sauro.

Babbar hanyar shigarsa ɗaki ita ce ratar da ke tsakanin kan bango da jinka ko kwano. Yakan biyo warin jikin masu barci, ya hau bango, ya faɗo ta nan. In ya sha jini sai ya laɓe a ƙarƙashin gado, bayan kwabar kwanuka, ko cikin tufafin da aka rataye a igiya.

Maigida, aikinka ne ka liƙe wannan rata da laka, ka sa raga a taga, ka cike ramuka, ka buɗe wa ruwan wanka hanya. Randa da tulu a riƙa rufe su, tsofaffin tayoyi da gwangwanaye a kawar, domin a cikinsu sauron shawara ke hayayyafa.

Ke kuma, ki kwana cikin gidan sauro mai magani kullum, ki cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma. In kin wanke shi, a inuwa za ki shanya. Ki fara zuwa awo da wuri: daga mako na 13 ana ba da maganin rigakafi na Fansidar wata-wata, aƙalla sau 3 kafin haihuwa. Da kin ji zazzaɓi ki zo asibiti a gwada jininki a ranar, kada ki jira ya sauka da kansa.

Allah Ya sauke ki lafiya.