Daga Ajingi Zuwa Ƙofar Kudu: Yinin Hunturu a Gidajen Sarauta

Duk wanda ya taɓa ganin hotunan iyalan da suka tafi hutu Turkiyya a lokacin sanyi ya san yadda suke. Uba cikin jibgegiyar rigar sanyi, uwa ta naɗe yara tun daga kai har wuya, bayansu kuma ƙofar fadar Topkapi ta birnin Istanbul. Sun bi layi, sun yanki tikiti, sun shiga sun ga takubba da alkyabbun sarakunan Usmaniyya, da ɗakin da aka adana kayayyakin da ake jinginawa ga Manzon Allah (SAW). Sarki Muhammad al-Fatih ne ya gina wannan fada bayan ya ci birnin a 1453, kuma a shekarun 1460 aka yi babban aikinta na farko. To, a daidai wannan zamani ne Muhammadu Rumfa, wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499, ya ɗora harsashin gidan da har yau ake kira da sunansa. Sa'annin juna ne ke nan. Sai dai Topkapi ta zama gidan adana kayan tarihi tun 1924, babu sarki a cikinta. Gidan Rumfa kuwa har gobe ana kwana ana tashi a ciki, ana fadanci, ana naɗa hakimai.

Magidancin da ke Toranke ko Balare a ƙasar Ajingi, ko Kademi da Shagogo a ƙasar Gaya, ba ya bukatar biza ko canjin dala kafin ya nuna wa 'ya'yansa fada mai shekara fiye da 500. Kuɗin mota yake bukata, da yini guda, da shiri kaɗan. Kuma babu lokacin da ya fi dacewa da wannan tafiya kamar hunturu. An gama kaka, gero da dawa sun shiga rumbu, an sayar da gyaɗa da wake, aljihu ya ɗan yi nauyi. Makarantun boko suna hutun Disamba. Babu ruwan da zai tsare mota a hanyar burji, babu zafin bazara da ke sa yaro kuka kafin ya yi taku ɗari. Da asuba sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15 a watannin Disamba da Janairu, amma da rana ta ɗaga sai garin ya yi daɗin yawo da ƙafa.

Daga Gaya ya kamata a fara, ba don ita ce kusa kaɗai ba. Labarin da aka gada daga kaka da kakanni ya nuna cewa maƙeran da suka fara zama a gindin dutsen Dala daga Gaya suka taso, suna neman tama. Su ne ake kira Abagayawa, kuma wani ƙaulin ya ce sunan jagoransu Kano, daga gare shi garin ya samo suna. Tsohon kundin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambaci Gaya fiye da sau ɗaya. Ya kawo zuwan Agalfati, Sarkin Gaya ɗan Sarkin Machina, a zamanin Sarkin Kano Yakubu, mahaifin Rumfa. Ya kuma kawo labarin Farin Dutse, Sarkin Gayan da ya shekara 3 bai kai wa Sarkin Kano Dadi gaisuwa ba, har aka yi masa dabara aka kirawo shi aka kashe. Amma jininsa bai bar sarauta ba, domin 'yarsa Maryama ce ta haifi Muhammadu Sharefa, wanda ya hau gadon Kano a 1703, kuma a zamaninsa Gayawa suka yi ƙarfi ƙwarai a fadar birni. Yaron da ya ji wannan tun a gida, idan ya isa Ƙofar Kudu ta Gidan Rumfa ba zai tsaya kamar baƙo ba.

Sarautar Gaya ta ga sauye-sauye masu yawa a 'yan shekarun nan. A 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ɗaga Gaya, tare da Bichi, Ƙaraye da Rano, zuwa masarautu masu daraja ta ɗaya, Alhaji Ibrahim Abdulƙadir ya zama sarkin yanka. Ya rasu a Satumbar 2021, ɗansa Alhaji Aliyu Ibrahim Abdulƙadir ya gaje shi. A Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta rushe masarautun, sannan a Yulin shekarar aka dawo da Gaya a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gaya, Ajingi da Albasu, aka kuma mayar da sarkin kan kujerarsa. Don haka mutumin Ajingi da ya tsaya a ƙofar fadar Kirmau Mai Gabas, wato Sarkin Gaya, a ƙofar sarkinsa ya tsaya.

A nan ne yara za su koyi abin da babu littafin makaranta da ke koyar da shi, wato ladabin fada. Da hantsi ake zaman fadanci. Tun daga nesa ake cire takalmi a jera shi a gefe. Namiji ba ya shiga kai babu hula. Idan aka ba da izinin faɗuwa gaisuwa, sai mutum ya durƙusa, ya dunƙule hannun dama ya yi jinjina, ya ce “Allah ya ja zamanin Sarki” ko “Ranka ya daɗe.” Sau da yawa ba zai ji muryar sarki ba, domin amawali ya rufe baki. Dogarai ne, cikin manyan rigunansu na ja da kore, za su amsa baki ɗaya da ƙarfi cewa Sarki ya gaishe shi, har ƙaramin yaro ya razana ya ruƙunƙume babansa. Bayan an fito sai ka ga shi ne ke kwaikwayon su a cikin mota har a isa Wudil. Ba a ɗaga waya a hau ɗaukar hoto sai an tambaya. Kuma da yake gidan mutane ne, yana da kyau a fara tuntuɓar mai unguwa ko dagaci kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, ya ji ko za a yi zama ranar. Idan tawagar makaranta ce, takarda ake rubutawa zuwa ofishin sakataren masarauta.

Daga Gaya zuwa birni tafiyar kilomita 60 da 'yan kai ce, a kan babban titin Maiduguri, ta gadar Wudil. Wanda zai iya, ya guji ranar Juma'a, don ranar ce kasuwar shanu ta Wudil ke ci, manyan motoci kan cushe hanya. Hazo ma abin lura ne. Akwai safiyar da direba ba ya hango motar da ke gabansa sai ya zo daf da ita, shi ya sa sammakon da ya wuce kima ba dabara ba ce. Gara a tsaya a sha koko da ƙosai, a shafa wa yara man kaɗe a leɓe da ƙafa, a jira gari ya washe.

A birni, zangon farko shi ne Gidan Makama, ɗan taku kaɗan daga fadar sarki. Gini ne na ƙarni na 15, kuma ana cewa Rumfa ya zauna a ciki kafin a kammala sabon gidansa. Yanzu gidan adana kayan tarihi ne a ƙarƙashin hukumar gwamnatin tarayya mai kula da gidajen tarihi, kuma an tsara shi musamman don maziyarta. Akwai tsoffin ƙyamaren ƙofofin ganuwa, da sulke da kwalkwali da lifidi, da kayan kiɗan sarauta, da hotunan zamanin da Turawa suka ci Kano a Fabrairun 1903, lokacin Sarki Alu yana Sakkwato. Akwai kuma ɗakin amarya irin na da, da jeren tasoshi da ƙore. A nan iyaye mata kan daɗe, musamman idan an zo da kaka, don ita za ta karɓe bayanin daga hannun ma'aikacin gidan.

Gidan Rumfa kansa gari ne guda, faɗinsa ya kai kimanin eka 33, da makarantu da masallatai da ɗaruruwan mazauna a ciki. Baƙo ba ya wuce inda aka yi masa iyaka, cikin gida kuwa na iyalin sarki ne. Amma abin da ido ke iya kaiwa ma ya isa. Ga Ƙofar Kudu, wadda Sarki Abdullahi Maje Karofi ya gina a ƙarni na 19, da makeken filin da ake jahi a Hawan Daushe. Ta arewa ga Ƙofar Fatalwa, a gefe ga babban masallacin Juma'a da aka sabunta gininsa a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Wanda ya yi sa'ar samun mai yi masa jagora zai iya leƙa soraye irin su Soron Ingila, inda ake karɓar manyan baƙi, wanda sunansa ke tuna tafiyar da Abdullahi Bayero ya yi zuwa Ingila a 1934. A tuna wa yara cewa yawancin abin da suke gani a hawan sallah, kamar kakaki, figini, takalmin gashin jimina da dawakin zage, ana danganta shigowarsa fada ga Rumfa. Shi ne kuma ya kafa kasuwar Kurmi da majalisar Tara ta Kano, kuma a zamaninsa Shehu al-Maghili ya zo Kano ya rubuta masa littafi a kan wajiban masu mulki.

A tsohon soro, ko a Gidan Makama ko a fada, a sa yara su ɗaga kai sama. Babu ƙarfe, babu siminti, amma rufin ya tsaya. Magina sun jera tubali, sun ɗaura azarar giginya gaɓa-gaɓa tana lanƙwasa daga bango zuwa bango har ta haɗu a tsakiya, suka lulluɓe ta da ƙasa. Wannan shi ne bakan gizo, inda bakunan suka gitta juna kuma a samu ɗaurin guga, wani lokaci da tasa a manne a tsakiyarsa. A waje, zankwaye sun miƙe a kusurwoyi, indararo na jiran damina, bango kuma an shafe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, don kada ruwa ya ci shi. Hunturu ne ke nuna gwanintar waɗannan magina a fili. Mutum ya fito daga cikin iska mai busar da fata ya shiga soro, nan take zai ji ɗumi, domin kaurin bango ya riƙe zafin ranar jiya. Da bazara kuma soron nan ne zai yi sanyi. Iyalin da ke kwana a ɗakin bulo da kwano, inda sanyi ke ratsa bargo da asuba, ba sa bukatar dogon bayani.

Dole a yi la'akari da halin da ake ciki. Tun Mayun 2024, da aka mayar da Muhammadu Sanusi II Gidan Rumfa, Aminu Ado Bayero kuma ya sauka a gidan sarki na Nassarawa, maganar sarautar Kano ta shiga kotu, aka ƙara tsaro a wuraren biyu, har 'yan sanda suka hana hawan sallah fiye da sau ɗaya. Abin da ciwo, domin a Disambar 2024 ɗin ne hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su. Mai iyali ya tambayi labarin gari kafin ya taso, ya kuma bar zancen ɓangare a gida.

Bayan azahar, a nemi gurasa bandashe, wadda ko ba komai yara za su riƙa tuna tafiyar da ita. Idan da sauran ƙarfi, a hau Dala. Hazo ba zai bari a hango nesa ba, amma ana ganin hasumiyoyin masallaci da rufin tsohon birni, kuma a nan ne ya dace uba ya maimaita labarin maƙeran Gaya, yana tsaye a inda aka ce sun sauka. Wanda ya ga lokaci ya ƙure, ya zaɓi tsakanin Dala da marinar Ƙofar Mata, ko Gidan Ɗan Hausa da ke Nassarawa, inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko a 1909.

Inda aka bar mu a baya shi ne tsari. A birnin Sol na Koriya ta Kudu, duk wanda ya sa tufafin gargajiyar ƙasar yana shiga fadar Gyeongbokgung kyauta, akwai lokutan buɗewa da rufewa, akwai masu bayani da aka horar. A nan kuwa shiga fada ya dogara ne da wanda ka sani, kuma labarin da za ka ji ya dogara da dogarin da ka tarar. Ba a ce a mayar da gidan sarki kasuwa ba, ran da ke cikinsa shi ne darajarsa. Amma ware rana ɗaya a mako da soro ɗaya ko biyu don iyalai da 'yan makaranta ba zai rage wa sarauta kwarjini ba. Gaya ta fi kowa bukatar wannan. Garin da ake cewa daga cikinsa Kano ta fito ya cancanci ɗaki na musamman da za a jera sunayen sarakunansa, da tambura, da kayan ƙira irin su uwar maƙera da zugazugi, tun dattawan da suka san labarin kowane ɗaya suna raye. Masarauta da ƙananan hukumomin nan 3 za su iya wannan ba tare da jiran Abuja ba.

A kama hanyar gida da la'asar sakaliya, kafin duhu ya haɗu da hazo, musamman masu ƙarasawa ƙauyukan Ajingi bayan an sauka daga babban titi. Iyalin da birni ya yi wa nisa ko tsada kuma suna da wata fadar ta gabas. Daga Gaya zuwa Dutse bai kai tafiyar awa guda ba, kuma tsohuwar fadar Garu na nan a tsakanin duwatsu, da bangayenta masu zane kala-kala. Kafin a yanke jihar Jigawa a 1991 duk jiha ɗaya ce, kuma Sarkin Dutse da Sarkin Gaya sun daɗe suna cikin manyan sarakunan da ke tsare gabashin ƙasar Kano.