Haya Ɗaya Ce a Hausa, Amma Ban Da a Takardar Mai Gida

Duk baƙon da ya sauka Ikko ko Badun yana neman wurin sa haƙarƙari, abin da zai fara cin karo da shi shi ne allo a jikin bango an rubuta "To Let". 'Yan Arewa mazauna Agege da Idi-Araba da Sabo sun san nufinsa, watau akwai ɗakin haya. Sai ranar da aka miƙo takarda a sa hannu ne Turancin yake yin rassa.

Ita kanta kalmar haya daga Turanci aka aro ta, watau "hire". Bahaushe ya game kome da ita: hayar keke, hayar gida, hayar rumfa a kasuwa. Bature kuwa ya keɓe "hire" ga abin da ake ɗauka na ɗan lokaci a mayar, kamar mota ko kujerun biki. In maganar gida ce, mai gida ke yin "let", ɗan haya ke yin "rent", kuɗin da yake biya ma sunansu ke nan. Wannan duk mai sauƙi ne.

Inda gizo ke saƙa shi ne tsakanin "tenancy" da "lease". A bakin lauyoyi da dillalai, "tenancy" ita ce hayar wata-wata ko shekara-shekara, wadda ke sabunta kanta muddin ana biya ana karɓa. "Lease" kuwa haya ce mai wa'adi, da ranar shiga da ranar fita, galibi ta shekaru da dama, irin ta masu kanti da masu sito.

Ga abin da ya sa bambancin ya zama abin lura. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ce in yarjejeniya ba ta faɗi kome ba game da notis, mai biya wata-wata yana da wata ɗaya, mai biya wata uku-uku ko shida-shida yana da wata uku, mai biya shekara-shekara yana da wata shida. Bayan wannan sai notis na kwana 7, sa'an nan mai gida ya tafi kotu. Amma haya mai wa'adi, da zarar wa'adin ya cika, kwana 7 ɗin nan kaɗai suka rage. To, sau da yawa takarda takan zo da "Tenancy Agreement" a samanta, alhali can ciki an soka "one year certain" ko "fixed term". Mai iyali ya saki jiki yana ƙirga wata shida, ashe ya sa hannu a kan mako guda.

Sai "sublet", watau ɗan haya ya ba wani haya a cikin hayarsa. Wannan ɗabi'a ce sananniya a zango, mutum ya kama ɗaki, 'yan garinsu su zo su raɓa suna ba shi wani abu duk wata. A wurinsu zumunci ne. A yawancin takardun haya kuwa laifi ne in babu izinin mai gida a rubuce, kuma ya isa dalilin neman a tashe su gaba ɗaya.

Wanda ya fi kowa rauni shi ne wanda ake kira "licensee", mutumin da aka yarje wa zama kawai, alal misali maigadin da aka ba ɗaki a bakin ƙofa saboda aikinsa. Ko ya shekara goma a ciki, doka ba ta ɗauke shi ɗan haya ba. Ran da aka janye izinin, kwana 7 gare shi. Duk da haka, ko shi ɗin ba a yarda mai gida ya watso masa kaya waje da ƙarfi ba, sai ta hanyar kotu.

Dokar ta 2011 ba ta shafi Apapa da Ikoyi da Victoria Island da Ikeja GRA ba. Mazauna Badun da Fatakwal da Anaca kuwa, kowace jiha da tata dokar.