Abin da Kallon Dambe Ke Ci wa Ɗan Kallo

A ƙauyukan arewacin Kano, damben kaka ba shi da kuɗin ƙofa. Idan an kai amfanin gona gida, sai mahauta su buɗe fage, kowa ya zo ya tsaya. Babban wasa kuwa, inda ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramada ke haɗuwa, sai an shiga birni, kamar gidan damben Ado Bayero Square da ke Sabon Gari.

A birnin ma, kuɗin ƙofa ba shi ne babban nauyi ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya tashi, kuma idan wasan yamma ne, mutumin ƙauye kan biya ɗan acaɓa kafin ya isa gida da dare.

Inda aljihu ke girgiza shi ne liƙi. Idan makaɗi ya kama kirarin ɗan wasa, ko aka yi kisa mai kyau, mai abin hannu kan fito ya liƙa. Ba dole ba ne, amma wanda aka ambaci sunansa da wuya ya noƙe. Matasa da yawa yanzu sun koma kallo a YouTube, kuɗin data kawai suke biya.