GYARAN GIDA BAYAN SALLA

A kowace shekara akwai Salla biyu. Ƙaramar Salla tana zuwa ran 1 ga watan Shawwal, bayan an gama azumi. Babbar Salla kuwa tana zuwa ran 10 ga Zulhajji, ita ce Sallar layya. A kwanakin nan gida yakan cika da baƙi, a yi girki da manyan tukwane, a fito da tufafin da aka daɗe ana adanawa. Amma idan biki ya watse, baƙi suka koma gidajensu, sai a ga tsakar gida kaca-kaca. Ga ƙasusuwa, ga toka, ga kwanuka jibge, ga tufafi a kan igiya.

Gyaran gida bayan Salla ba a yinsa da ka. Yana da tsari, tsarin kuwa shi ne a fara da abin da ya fi saurin lalacewa, a ƙare da abin da zai iya jira. An fi ganin amfanin wannan tsari a Babbar Salla, saboda nama.

Farkon abin da za a kula da shi shi ne wurin da aka yi yanka. Jini da dattin tumbi da na hanji ba su kwana ba su yi wari ba, warin nan kuwa shi ke kiran ƙuda. Ƙuda yakan yi ƙwai a kan ƙazanta. Cikin kwana ɗaya ƙwan zai ƙyanƙyashe, tsutsa ta fito. Idan ana zafi, kafin kwana 10 tsutsar nan ta zama ƙuda mai fiffike. Ƙudan da ya tashi daga kan ƙazanta shi ne zai sauka a kan tuwo, ya bar ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani. Ta haka ake kamuwa da zawo da atuni, waɗanda suka fi yi wa ƙananan yara illa. Maganin wannan shi ne a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya, a zuba dattin duka a ciki, a rufe da ƙasa, a daddanne don kada kare ya tone. Wurin yankan kuma a kankare shi, a barbaɗa masa toka ko yashi.

Na biyu shi ne nama. Bayan an raba wa 'yan'uwa da maƙwabta da mabukata, abin da ya rage sai a adana shi da hikima. Akan soya shi sosai har ruwan jikinsa ya ƙone, gama ruwa shi ke sa nama ya ruɓe. In ya huce sai a zuba a busasshiyar kwalla mai murfi. Wasu sukan yi dambun nama, wasu su yanyana shi su shanya. Mai ɗiba ya ɗiba da busasshen cokali. Hannu mai laima yana sa naman ya yi fumfuna, aikin kwana biyu ya tafi a banza. A wasu garuruwan Hausa akan ajiye wutsiyar ragon layya har ranar Cika-ciki, wato 10 ga Muharram, wata guda ke nan bayan Salla. Naman da ba a gyara da kyau ba, ba zai kai wannan rana ba.

Na uku ita ce fata. Malamai sun ce mai layya ba ya sayar da fatar dabbarsa, sai dai ya yi sadaka da ita ko ya yi amfani da ita, kamar ya yi buzu. Ko wanne za a yi, fatar da aka dunƙule aka jefar a lungu takan ruɓe, gashinta ya zube. Sai a kankare ragowar nama da kitse daga cikinta, a shafa gishiri, a miƙe ta a inuwa inda iska ke kaɗawa. Rana mai tsanani tana busar da bayan fata ta bar cikinta ɗanye. Idan ta bushe sai a kai wa majema, su jeme ta da bagaruwa.

Daga nan sai madafi. Maiƙon nama yana kama tukunya ƙwarai, ruwan sanyi ba ya fitar da shi. Da ruwan zafi da sabulu da toka ake cuɗa tukwane da kasko da turmi, a kife su a rana su bushe. Hausawa sun ce don tuwon gobe ake wanke tukunya. Wuƙaƙe da gatari a wanke su, a goge, a ɗaga su sama inda hannun ƙaramin yaro ba zai kai ba. Randa ma a juye ta, a wanke, a cika da sabon ruwa, a rufe da faifai, domin hannuwa da yawa sun shiga cikinta a kwanakin biki.

Sa'an nan a shiga shara. Akan fara daga sama, a kakkaɓe yanar gizo, a share ɗakuna, a fito tsakar gida, a ƙare da zaure da ƙofar gida. Turken da aka ɗaure rago a kwashe kashinsa da ragowar harawa a kai gona, taki ne mai kyau. Gwangwanaye da fasassun kwalabe da leda a tattara su wuri ɗaya a kai juji. Leda tana toshe rariya, akuya kuma in ta haɗiye ta takan rame har ta mutu. Gwangwani kuwa yana tara ruwan sama, a cikin kwantaccen ruwa sauro ke yin ƙwai. Tun shekarar 1897 wani likita mai suna Ronald Ross ya gano a ƙasar Indiya cewa sauro ne ke ɗauke da cutar zazzaɓi.

Tufafi su ne za su iya jira, amma ba da daɗewa ba. Riga mai ɗigon miya tana kiran kyankyaso. Sai a wanke, a shanya har ta bushe sarai, a kai shadda wurin mabuga, a ninke a jera a adaka. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kamar kwana 11, saboda haka Salla tana zagaya rani da damina da hunturu. In ta faɗo da damina, a ƙara haƙuri wajen shanya, gama tufa mai laima tana yin fumfuna. In da hunturu ne, a rufe kome saboda ƙura.

Abu na ƙarshe shi ne kayan aro. Tabarma ko tukunya ko faranti da aka aro daga maƙwabta a mayar da su a wanke, tare da godiya. Wanda ya mayar da aro da wuri, ba ya jin nauyin komawa wata shekara.

Aikin nan ya fi ƙarfin uwar gida ita kaɗai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maigida da samari su ne da rami da fata. 'Yan mata su taya wanke-wanke da ninkin kaya. Ƙananan yara su tsince ƙasusuwa da leda, su kai saƙon kayan aro, sa'an nan kowa ya wanke hannunsa da sabulu. Gidan da aka raba aiki haka, cikin kwana biyu ko uku ya koma yadda yake, nama yana nan lafiya, yara kuma su koma makaranta da ƙoshin lafiya.

TAMBAYOYI

1. Don me ake fara gyara da wurin yanka?
2. Yaya ake adana soyayyen nama?
3. Me ya sa ba a shanya fata a rana mai tsanani?
4. Wace ɓarna gwangwani da leda suke yi?
5. Wane aiki ƙananan yara za su iya yi?