Kwalin kaset ɗin Kawu da finafinan da ke mutuwa muna kallo

A hutun da ya wuce, Kawuna ya sa ni share wani ɗakin ajiya a gidansa na Ƙofar Kwaya, wai za a yi masa fenti. Can ƙarƙashin tsofaffin tabarmi da wata fanka da ta daɗe da mutuwa, sai ga kwali cike da kaset na bidiyo. Na ɗaga na farko na karkaɗe ƙura: Sangaya. Na biyu Wasila. Wasu kuma takardarsu ta koɗe, ba ka iya karanta komai.

"Kawu, waɗannan fa?"

"Watsar da su," in ji shi. "Wa ke kallon kaset yanzu? Ai komai na cikin waya."

Ban watsar ba. Na zauna na riƙa buga sunayen a YouTube ɗaya bayan ɗaya. Sanannun suna nan, amma hoton dishi-dishi, sautin kamar daga cikin rijiya, ga tambarin mai tashar ya rufe rabin fuskar jarumi. Waɗanda ba su yi suna ba kuwa, ko alamarsu ban gani ba. A nan ne jikina ya yi sanyi: ashe ba komai ne ke cikin waya ba.

Abin da aka tsinta a Jos

Wannan matsala ba tamu ce mu kaɗai ba. A shekarun 1960 da 1970, gidan talabijin na BBC ya riƙa goge tsofaffin shirye-shiryensa don ya sake amfani da faifan. A haka sassa da dama na Doctor Who, shirin da Turawan Ingila ke mutuwar so, suka salwanta. Kun san inda aka gano wasu? A nan Najeriya. A watan Oktoba na 2013 aka sanar cewa wani Bature mai suna Philip Morris ya tarar da gwangwanayen fim a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos, cikinsu har da kashi 9 da aka daɗe da fid da ran samu. Aka kai su Ingila, aka gyara, aka sayar a intanet da faifan DVD.

Tun 2009 ma Cibiyar Finafinan Birtaniya, BFI, ta buɗe wani jeri mai suna Flipside, wanda aikinsa shi ne zaƙulo finafinan Ingila da aka manta da su, a tsabtace su, a fitar don kallo a gida. Cikin na farko da suka fitar akwai The Bed Sitting Room na 1969. Abin lura, ba manyan finafinan da kowa ya sani suke bi ba. Waɗanda suka faɗi a kasuwa ko aka raina a zamaninsu, su suke nema, don su ne suka fi kusa da ɓacewa.

Shehu Umar ya dawo

Mu ma muna da irin wannan labari, sai dai da yawanmu ba mu ji shi ba. A 1976 Adamu Halilu ya shirya fim ɗin Shehu Umar, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shekara da shekaru ana jin sunansa, ba a ganinsa. Sai a 2016 wani ɗan fim kuma mai sharhi, Didi Cheeka, ya gano gwangwanayensa a cikin tarin finafinan Hukumar Finafinai ta Najeriya. Cibiyar Arsenal da ke Balin a Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na birnin a 2018. Fim na Hausa, labarin Hausa, amma ɗan kallo na Jamus ya riga yawancinmu ganinsa.

Mu Katsinawa akwai wanda ya kamata ya tsaya mana a rai. Kulɓa Na Ɓarna, wasan kwaikwayon da Umaru Ɗanjuma Katsina, wato Kasagi, ya rubuta, Brendan Shehu ya mayar da shi fim a farkon shekarun 1990. Da yawa sun karanta littafin a sakandare. Tambayi abokanka goma, mutum nawa ya taɓa kallon fim ɗin?

Kaset ba ya jira

Waɗancan aƙalla a faifan silima aka ɗauke su, kuma hukuma ce ta ajiye. Namu na Kannywood sun fi shiga haɗari. Daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, zuwa Gimbiya Fatima, zuwa Sangaya a 1999, duk a kaset suka fito. Ba wata ma'ajiya guda da aka tara su. Uwar kaset tana wurin furodusa ko ɗan kasuwar da ya buga, ana kwafa ana sayarwa a Bata da Ƙofar Wambai a Kano, fim ya gama yayi a jefa shi lungu.

Shi kuma kaset zare ne na leda mai ɗauke da garin maganaɗisu. Zafi na sa shi ya manne, danshin damina na sa shi funfuna, ƙurar hunturu na karce shi, kuma kowane kallo yana ƙara cinye shi. Ga na'urar kanta ta zama tarihi: kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera bidiyo mai kaset, ya daina a 2016.

Na ga wannan da idona. Kwana uku ina yawo kafin na sami wani dattijo mai gyaran rediyo da ke da bidiyo mai aiki. Muka sa kaset na farko, sai layi-layi. Na biyu na'urar ta tauna shi, ya fito da zare a waje kamar hanji. Dattijon ya girgiza kai ya ce, "Yaro, da ka zo shekara goma da suka wuce." Na uku ya yi. Wani fim ne da ban taɓa jin sunansa ba, amma na kasa ɗauke ido: tituna ba Keke Napep, 'yan acaɓa ko'ina, ɗinkin mata na wancan lokaci, saurayi yana aika wasiƙa ta hannun ƙanwar budurwa. Har kalmomin da suke faɗa wasu mun daina amfani da su.

Wani zai ce ai finafinan ba su da inganci, kwaikwayon Indiya ne, me za a yi da su? Gaskiya ne wasu ba su yi kyau ba. Amma a cikinsu ne kaɗai za ka ga motsi da muryar Balaraba Muhammad, da Ahmed S. Nuhu, da farkon Rabilu Musa Ibro, Allah Ya jiƙansu. Kuma ko fim bai yi daɗi ba, hoton garin da ke bayan jarumin shaida ne. In kaset ɗin ya mutu, shi ke nan.

To, mu me za mu iya?

Ba sai mun jira Bature ba. In akwai kaset a gidanku, kada ka zubar. Tsayar da shi a tsaye kamar littafi, nesa da rana, da danshi, da lasifika, don maganaɗisun lasifika na ɓata shi. In ka ga fari-fari a jikin zaren, funfuna ce, kada ka sa shi a na'ura, zai lalata ta ya shafa wa sauran. Ɗauki hoton bangon, ka rubuta sunan fim da kamfani da jarumai. Akwai 'yar na'ura da ke haɗa bidiyo da kwamfuta ta juye fim ɗin. In ka juye, ajiye a wuri biyu, kuma kada ka yar da na asali.

Sai magana mai ɗaci: mallakar kaset ba mallakar fim ba ce. Kafin ka ɗora a tasharka kana cin kuɗin talla, nemi mai fim ɗin ko magadansa. Satar fasaha na cikin abin da ya karya waɗannan mutane tun farko, bai kamata mu maimaita da sunan ceto ba. Furodusoshi kuma su duba: in Flipside ta sami masu saye, tsofaffin finafinanmu da aka gyara ba za su rasa masu kallo ba.

Kwalin Kawu yanzu yana ɗakina, kaset 23. Ranar da na nuna masa wanda ya yi a kwamfuta, ya yi shiru har aka gama, sannan ya ce da kuɗin aikinsa na farko ya saye shi. Bai ƙara cewa in watsar ba.

Kai fa, me ke cikin ɗakin ajiyar gidanku?