Takardar Inshora: Ta Shinge Ce, Ko Ta Maƙwabci?

A nan Baure hanyoyinmu ba su rabuwa da motoci, da babura, da amalanken shanu, balle ran kasuwa. Daga nan zuwa Zango da Daura, ko zuwa Babban Mutum a bakin iyakar Nijar, ba wuya a ga jama'a sun taru a gefen titi domin wata mota ta gogi wata. Ba wanda ya ji rauni, sai fitila ta fashe ko ƙofa ta lotsa. Amma daga wannan ƙaramin abu akan kai ga zage-zage, har maƙwabta su daina gaisawa. Sau da yawa kuwa direbobin nan biyu suna da takardar inshora a mota, ba wanda ya tuna da ita.

Mece ce wannan takarda?

Da yawanmu mun ɗauka amfaninta shi ne a nuna wa ɗan sanda a shinge. Ba haka ba ne. Alkawari ce da kamfani ya yi, cewa idan motarka ta yi wa wani ɓarna, shi zai biya. An kafa dokar wannan inshora a Nijeriya a 1945, ta soma aiki a 1950. Sabuwar dokar inshora ta 2025 ma ba ta ɗauke wannan tilas ba.

Iri biyu ce. Akwai ƙarama, wadda doka ta ɗora wa kowa. Daga 1 ga Janairu 2023 hukumar NAICOM, mai lura da kamfanonin inshora, ta tsayar da kuɗinta a kan N15,000 a shekara ga motar gida, kamfani kuma zai biya ɓarnar dukiyar wani har N3,000,000. Babur N3,000 ne, biyansa har N1,000,000. A lura fa, wannan ba ta gyara motarka, ta wanda ka buga take gyarawa. Mai son a gyara tasa sai ya sayi cikakkiya, wadda kuɗinta ba ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota. Wato motar N4,000,000 za ta ci N200,000 ko fiye a shekara.

Ga mu masu bi wannan ba baƙon abu ba ne. A cikin Littafin Fitowa, sura 21, an ɗora wa wanda ya bar rami a buɗe biyan dabbar da ta faɗa ciki. Gyara ɓarnar da muka yi wa wani hakki ne a kanmu. Inshora hanya ce da za ta sa mai ƙaramin ƙarfi ya iya sauke wannan hakki ba sai ya sayar da gona ba.

Tabbatar da ita tun kafin tsautsayi

Akwai masu sayar da takardun jabu a bakin ofisoshin lasin da tashoshin mota. Suna da araha, amma araha ba ta ado. Ran da aka yi karo, za a tarar ba kamfanin da ya san da su. Danna *565*11# a wayarka, ka sa lambar mota, za a nuna maka ko inshorarka ta gaskiya ce.

Idan an yi karo

Da fari, tsaya ka duba lafiyar mutane, gama rai ya fi ƙarfe. Sa'an nan ka ɗauki hoton motocin kafin a gusar da su, da lambobinsu, da wurin da ya lalace. Ku karɓi sunan juna, da lambar waya, da sunan kamfanin inshora. Nemi shaida ɗaya ko biyu. Kai rahoto ga 'yan sanda, domin kamfani yakan nemi takardarsu. Sanar da kamfaninka nan da nan, gama akwai wa'adi a rubuce cikin takardarka.

Kamfanoni sukan ce kada ka yi alkawarin biya tun ba su sani ba. Wannan ba izinin ƙarya ba ne. Faɗi abin da ya faru daidai, ko da kai ne da laifi, amma maganar kuɗi ka bar wa kamfani. Kada kuma a taɓa motar sai wakilinsu ya gani, ko sun yarda da hotuna da lissafin bakanike.

Wane gyara za a zaɓa?

Ba kowace guga ce ta isa a kai wa kamfani ba. A cikakkiyar inshora akwai wani kaso na farko da mai mota yake biya da kansa, wanda kuma ya shekara bai nemi biya ba yakan sami ragi. In ɓarnar 'yar kaɗan ce, sulhu ya fi. Amma a yi shi gaban shaidu, a rubuta, kowa ya sa hannu.

Kafin sulhun, bari bakanike ya leƙa ciki. Fenti yana rufe tabo, amma ba ya gyara lagireto, ko birki, ko sitiyarin da ya karkace. Kayan gyara kuma iri uku ne: sabo na asali, da na hannu wanda ake kira Beljiyam, da sabo mai araha wanda ba ya jimrewa. Wanda ya je Ƙofar Ruwa a Kano zai tarar da su duka. Na hannu mai kyau ya isa ga ƙofa ko madubi, amma kada a yi rowa a kan birki da taya. In aka sa sabo a madadin wanda ya riga ya tsufa, kamfani yana iya cewa ka cika wani abu. Karɓi rasit na kowane abu.

Inda jaraba take

Wani bakanike zai ce, "Bari mu ƙara lissafi, ai kuɗin kamfani ne," ko a haɗa tsohuwar lotsawa da sabuwa. 'Yan'uwa, wannan sata ce. Kuɗin nan na dubban mutane ne da suka zuba, har da mai acaɓan unguwarmu. In an gane, ana iya hana ka biyan duka, gama ramin ƙarya ƙurarre ne. In kuwa kamfani ne ya ƙi biyan hakkinka na gaskiya, kai ƙara wurin NAICOM, tana da sashen sauraron koke.

Muna zaune da maƙwabta, Musulmi da Kirista, kasuwarmu ɗaya, hanyarmu ɗaya. Ba kowa ne zai shiga majami'a ya ji wa'azinmu ba, amma kowa zai ga halinmu a bakin titi, 'ya'yanmu kuma suna kallo daga cikin mota. Yau kafin ka kwanta, ɗauko takardarka ka duba ko ta gaskiya ce, da ranar da za ta ƙare. Ubangiji ya kiyaye fitarmu da shigarmu. Amin.